Jirgi, Kifi da Gumi: Yadda Ake Kallon Zanen Tashar Jiragen Ruwa



 An nemi in yi magana a kan zane-zanen tashoshin jiragen ruwa da na rayuwar mutanen bakin teku, wato irin zanen da ake yi da fenti a kan ƙyalle ko allo, a rataye a gidajen adana kayan fasaha. Na tabbata akwai wanda tun daga bakin ƙofa ya ce a ransa, ina ruwan biri da gada? Mu da ke tsakiyar tudu, da ɗaruruwan kilomita tsakaninmu da teku, me ya haɗa mu da masuntan Turai? Tambaya ce mai kyau, kuma zan zo kanta, sai dai ina roƙon a yi mini haƙuri har in shimfiɗa hujja tukuna.

Magana ɗaya nake so in kafa a yau. Yawancin masu kallon irin wannan zane suna tsayawa ne a kan ruwa da sararin sama da jan faɗuwar rana, su ce kai, ya yi kyau, su wuce. A ganina wannan rabin kallo ne. Tashar jiragen ruwa wurin neman abinci ce, kowane jirgi da ke cikinta akwai mai shi, akwai bashin da ke kansa, akwai bakunan da ke jiran abin da zai kawo. Saboda haka tambayar da ta kamata a fara yi wa zanen ita ce: wane aiki ake yi a nan, su wa ke yin sa, kuma wa zai ci moriyarsa? Wanda ya saba da yin wannan tambaya, kyawun zanen ma ƙaruwa zai yi a idonsa, domin zai gane dalilin da ya sa aka ajiye kowane abu inda aka ajiye shi.

Batu na farko: a nemi aikin kafin a yabi launi.

Bari mu ɗauki zanen da ya fi kowanne suna a wannan fanni. A shekarar 1872 Claude Monet ya zana tashar Le Havre da ke arewacin Faransa, garin da ya tashi a cikinsa, da sassafe rana tana fitowa cikin hazo. Da aka baje zanen a Paris a 1874, wani ɗan jarida mai suna Louis Leroy ya yi masa ba'a, yana ganin aiki ne da ba a gama ba, kuma daga wannan ba'a wani babban salon zane ya samu sunansa. Tun daga lokacin, abin da ake yawan faɗa a kan zanen shi ne jar ranar nan da inuwarta a kan ruwa. To amma a dubi bayan hazon. Dogayen layukan da ke hagu sandunan jirage ne da bututun hayaƙi, waɗanda ke dama kuma injinan ɗaga kaya ne. Shuɗin da ya lulluɓe wurin, rabinsa raɓar safiya ce, rabinsa hayaƙin kwal. A gaba ga ƙananan kwale-kwale, a cikin ɗaya mutum yana tsaye yana tuƙi. Wa ke fita kan ruwa a wannan sa'a in ba mai neman na tuwo ba? Kuma a tuna cewa shekara guda kafin nan Faransa ta sha kashi a hannun Jamusawa, an ɗora mata tarar faran biliyan 5. Le Havre ƙofa ce ta shigowar auduga da kofi. Mutumin Faransa da ya ga hayaƙi na tashi a tashar a 1872 ya ga ƙasarsa ta koma bakin aiki.

Misali na biyu daga Japan yake, kuma ina jin da yawa a cikinku sun taɓa ganin sa a jikin riga ko a bangon littafi ba tare da sanin mai shi ba: ƙatuwar igiyar ruwa mai kama da faratan dabba, ga dutsen Fuji can nesa ya zama ɗan ƙarami. Hokusai ne ya yi shi wajen 1831, an sassaƙa a katako aka riƙa bugawa ana sayarwa da arha. Mutum nawa ne suka lura akwai jirage uku a cikinsa? Jiragen sauri ne masu kai ɗanyen kifi kasuwar Edo, birnin da yanzu ake kira Tokyo, ga matuƙa sun kwanta rub da ciki a kan itacen tuƙi. Kifi ba ya jiran teku ta huce, in ya kwana ya zama asara. Da zarar ka san haka, tsoron da ke cikin hoton ya samu dalili: mutane ne da larurar kasuwa ta tura bakin halaka.

Batu na biyu, wanda zan ɗan daɗe a kansa: yaya ake gane mai zanen da ya san aikin da wanda ya hango shi kawai?

Abu na farko shi ne haske. A zanen bakin teku haske agogo ne. Ruwan teku yana cikowa yana janyewa sau biyu a kowace rana a yawancin gaɓoɓi, kuma shi ke yanke lokacin fita da na shigowa, ba alfijir ko magariba ba. A 1835 Turner na Ingila ya zana ma'aikatan kwal a kogin Tyne suna aiki da dare. Farin wata ya shimfiɗu a tsakiyar ruwa, a gefen dama kuma jan harshen wuta, inda mutane ke kwashe kwal da shebur daga faffaɗan kwale-kwale, mai ɗaukar kusan tan 21, suna zubawa a manyan jiragen da za su kai shi Landan. Wanda bai sani ba zai ce Turner ya zaɓi dare ne don farin wata ya fi daɗin kallo. Ko shakka babu ya so farin watan. Amma aikin ma da dare ake yin sa idan ruwa ya ce a yi, domin jirgin da cikowar ruwa ta wuce shi sai ya jira wata cikowar. Hasken nan iri biyu, mai sanyi na sama da mai zafi na hannun mutum, shi ne duk abin da zanen ke faɗa.

Abu na biyu shi ne nauyi. Duk wanda ya taɓa zama a kasuwar hatsi ya san tafiyar ɗan dakon da ya ɗauki buhun masara ta bambanta da ta wanda ya ɗauki buhun ƙaiƙayi, ko da buhunan girmansu ɗaya: wuya, gwiwa da inda ƙafa ke sauka su ke tona asiri. Da wannan idon ake duba zane. Joaquín Sorolla na Sifaniya ya zana dawowar masunta a gaɓar Valencia a 1894. Jiragen wurin a kan yashi ake ajiye su, don haka bijimai ake shigarwa cikin ruwa su jawo jirgi zuwa tudu. A zanen za ka ga bijimai biyu ruwa ya kai musu ƙirji, iska ta cika ƙyallen jirgin, mutum ɗaya yana zaune a kan ɗaya daga cikin bijiman, wani kuma yana riƙe da guntun katakon da za a sa a ƙarƙashin jirgin. Wannan katako shi ne shaidar cewa Sorolla ya tsaya ya kalli aikin har ya fahimce shi. Baƙon da ya zo shan iska zai ga shanu da kumfar ruwa, katakon ba zai shiga idonsa ba. Gwamnatin Faransa ta sayi zanen, yana Paris har yanzu.

Abu na uku shi ne tsarin wuri, wato ko hoton ya nuna yadda kaya ke tafiya daga hannu zuwa hannu. Stanhope Forbes ya zauna a Newlyn, ƙauyen masunta a kudu maso yammacin Ingila, ya kafa allonsa a kan jiƙaƙƙen yashi na tsawon watanni, iska na neman kifar da shi, har ya gama zanen gwanjon kifi da aka nuna a Landan a 1885. Bi shi daga nesa zuwa kusa. Can cikin ruwa manyan jirage sun tsaya domin ruwa ya janye, ƙananan kwale-kwale na jigilar kifi zuwa gaɓa, a tsakiya cincirindon masu saye sun kewaye mai gwanjo, a gaba kuma kifi ne zube a ƙasa da mata biyu suna magana da wani masunci. Ciniki ne cikakke daga kamu har zuwa farashi, a kan ƙyalle ɗaya. Kuma in ba don wani Ba'amurke mai suna John Rand ya ƙirƙiro ɗan bututun ƙarfe na ajiye fenti a 1841 ba, da fita waje a yi irin wannan aiki ya yi wuya ƙwarai, domin kafin nan a mafitsarar dabba ake ɗaure fenti, da an huda kuma sai ya fara bushewa.

A nan dole in ambaci mutum ɗaya da ya karya duk ƙa'idojin makaranta amma ya ci wannan jarrabawa. Alfred Wallis na garin St Ives ya yi aikin jirgi, ya yi sana'ar sayar da tsofaffin kayan jirage, bai fara zane ba sai da ya kai wajen shekara 70, bayan rasuwar matarsa. Da fentin jirgi yake yi, a kan yagaggun kwalaye. Bai san dabarar ƙanƙanta abin da ke nesa ba, abin da ya fi muhimmanci a wurinsa shi yake girmamawa, tasha kuma yakan zana ta kamar taswira, yadda matuƙi ke riƙe ta a ka: ga mashiga, ga fitila, ga dutsen da ke fasa jirgi. Ƙwararru biyu daga Landan, Ben Nicholson da Christopher Wood, suka gan shi a 1928 suka yaɗa sunansa. Ya rasu a gidan gajiyayyu a 1942, yau kuma kwalayensa suna manyan gidajen adana zane. Jiragensa suna zaune cikin ruwa da nauyinsu, abin da wasu masu takardar shaida ba su iya ba.

Batu na uku: wa ya biya, kuma me aka bari a waje?

A 1753 Sarkin Faransa Louis na 15 ya ba Joseph Vernet kwangilar zana tashoshin ƙasar. An shirya 24, ya gama 15 zuwa 1765, cikinsu har da Marseille, Toulon, Bordeaux da La Rochelle. Manyan zane ne, kowanne ya fi mita biyu da rabi a faɗi, cike da mutane: masu mirgina ganguna, masu awo, 'yan kasuwar gabas da rawunansu, manyan mata da lemarsu. Masana tarihi suna amfani da su har gobe don sanin yadda ake lodi da sauke kaya a wancan ƙarni. Amma a lura da abu biyu. Yawancin aikin an yi shi ne a lokacin yaƙin shekara bakwai, daga 1756 zuwa 1763, lokacin da Ingila ta ragargaza rundunar ruwan Faransa ta kuma toshe mata hanyoyin ciniki. A yawancin zanukan kuwa komai lafiya lau, rana na haskawa, dukiya na shigowa. Na biyu ya fi wannan nauyi. Bordeaux da La Rochelle suna cikin garuruwan da jiragen cinikin bayi ke tashi zuwa gaɓar Afirka, sukarin da ya azurta su kuma bayi ne suka noma shi a tsibiran Karebiyan. Ganga tana cikin zanen, wanda ya cika ta da guminsa ba ya ciki. Shin wannan ya sa zanen ya zama ƙarya? A'a, duk abin da ke ciki Vernet ya gani da idonsa. Sai dai shaida ce ta wanda sarki ya biya, kuma haka ya kamata a saurare ta.

Ko zanen kwal ɗin nan na Turner, wani mai masaƙa a Manchester ne, Henry McConnel, ya sa aka yi masa, don ya rataye shi kusa da wani zanen birnin Venice inda masu hali ke shawagi a ruwa. Ga tsohuwar daular kasuwanci da ta koma wurin hutu, ga sabuwa tana aiki har dare. Mai masaƙa ya san wadda yake so a yaba. Turner ɗin dai, a 1840, shi ya zana jirgin bayi ana jefa mutane cikin teku da sarƙa a ƙafa, abin da Vernet bai nuna ba.

Batu na huɗu: rayuwar bakin teku rabinta a tudu take, kuma mata ne ke riƙe da ita.

Winslow Homer na Amurka ya je ƙauyen Cullercoats a arewa maso gabashin Ingila a 1881 ya zauna har cikin 1882, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa matan garin ne. Su ke ɗinke koma, su ke sa abinci a ƙugiyoyi, su ke ɗaukar kwandon kifi a baya su bi gari suna talla, su ne kuma ke tsayawa a kan gaɓa idan hadari ya taso maza ba su dawo ba. Ya zana su da kauri, da damatsa, ƙafa a kafe, iska na kaɗa tufafinsu, ba kamar 'yan matan ado da aka saba gani a zanen wancan zamani ba. Anna Ancher kuwa, wadda aka haifa a garin masunta na Skagen a ƙasar Denmark a 1859, ta shiga cikin ɗakuna ne, inda ake ɗinki, ake fige kaza, ake gyaran kifi a bakin taga. Mijinta Michael Ancher ya yi suna da zanen jaruman da ke fita ceto cikin guguwa. Nata aikin ya fi shiru, kuma a ra'ayina ya fi nasa daɗewa a zuciya, domin ranar guguwa ɗaya ce, ranakun gyaran kifi kuwa su ne shekara.

Sai maganar mutuwa. Frank Bramley ya yi wani zane a Newlyn a 1888 wanda babu jirgi ko ɗaya a cikinsa: gari ya waye, kyandir da aka ajiye a taga ya ƙare, abinci na kan tebur ba a taɓa ba, wata matashiya ta kifa kai a cinyar tsohuwa. Wasu masu sharhi suna cewa irin wannan neman hawayen mai kallo ne kawai. Kafin mu yarda da su, mu duba lissafi. Ranar 14 ga Oktoba 1881, guguwa ɗaya ta kashe masunta 189 a gaɓar kudu maso gabashin Scotland, 129 daga cikinsu 'yan gari ɗaya ne, Eyemouth. Wanda ya zana matar da ke jira a irin wannan zamani bai ƙirƙiri komai ba. Sorolla ma, a shekarar da ya zana bijiman nan, ya zana cikin jirgi inda wani saurayi ke kwance da rauni, dattawa biyu na kansa, ɗaya ya tallafe shi ɗaya yana danna tsumma a kan ciwon, ga kifin da aka kamo a gefe. Sunan da ya ba zanen gatse ne ga masu kukan cewa kifi ya yi tsada. Yana gidan adana zane na Prado a Madrid.

Batu na biyar: abin da za a iya cewa a kan duk wannan. Suka huɗu na hango, kuma ba dukansu ne zan iya turewa gaba ɗaya ba.

Na ɗaya, wani zai ce masu zanen nan baƙi ne da jirgin ƙasa ya kawo daga birni, suka mai da talaucin mutane abin ado, suka sayar wa attajiran da ba su taɓa jin ƙarnin kifi ba. Akwai gaskiya mai yawa a nan. Da yawansu sun fi son tsohuwar shiga da jirgin da iska ke turawa, suna kawar da kai daga jirgin tururi da ke karya farashi. Ga misali: a watan Mayu 1896 masuntan Newlyn, waɗanda addininsu ya hana su fita ranar Lahadi, suka far wa jiragen da suka zo daga gabashin Ingila suna kamu a ranar suna cika kasuwa, suka zubar musu da kifi a ruwa, har sai da aka kawo soja. Zanukan da suka sa Newlyn ta yi suna ba su nuna wannan ba. Masunci mai haƙuri da ƙaddara yana sayuwa, masunci mai fushi ba ya sayuwa. Amsata ita ce wannan suka tana koya mana yadda za mu kalla ne, ba ta ce mu daina kallo ba. Kuma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Gunnar Berg, ɗan tsibiran Lofoten na Norway, ya zana faɗan da aka yi a Trollfjord a 1890, inda masu ƙananan kwale-kwale suka yi arangama da masu jiragen tururi da suka tare musu bakin mashigin da kifi ya taru. Camille Pissarro, da ciwon ido ya hana shi tsayawa a waje, ya zauna a tagar otal a Rouen da Dieppe da Le Havre, har shekarar rasuwarsa 1903, yana zana hayaƙi da injinan ɗaga kaya da 'yan dako ba tare da ya yi musu kwalliya ba.

Na biyu, me ya sa ba za mu dogara da hoton kyamara ba? Ai tun a shekarun 1840 Hill da Adamson suka ɗauki hotunan masuntan Newhaven kusa da Edinburgh, kuma taska ce babba. Amma kyamarar wancan lokaci sai an tsaya cak kafin ta ɗauka, saboda haka su ma shirya su aka yi, kuma ba ta da launi. Mai zane yana tara abin da ya gani cikin watanni ya zuba a wuri ɗaya, ya yanke hukuncin abin da ya cancanci gaba da abin da zai koma baya. Akwai kuma abin da ido ke ji wanda sai da launi. Masu binciken gani sun nuna cewa idan aka cire launi daga zanen Monet aka mai da shi fari da baƙi, ranar nan kusan ɓacewa take yi, domin ƙarfin haskenta daidai yake da na hazon da ke kewaye da ita. Shi ya sa take kamar tana motsi a ido, yadda rana ke yi wa wanda ya fito aiki cikin hazo.

Na uku ya shafi addini, kuma na san yana zuciyar wasu. Malamai sun yi magana mai tsawo a kan surar abu mai rai, suna da bayani a kan rassanta, kuma fatawa tasu ce, wannan mumbari ba nata ba ne. Abin da zan ƙara na tarihi ne. A Daular Usmaniyya ta Turkiyya an yi wani masani mai suna Matrakci Nasuh, wanda ya rasu a 1564. A littafinsa na tafiyar rundunar ruwan daular zuwa gaɓar Faransa a 1543 ya zana tashoshi irin su Toulon da Nice, da ganuwa da hasumiya da jirage jere, ba tare da surar mutum ko ɗaya ba. Duk da haka kana iya karanta inda ake shiga, inda ake fakewa, da ƙarfin da aka tara. Ashe fannin yana da faɗin da zai ɗauki mai wannan ra'ayi da mai wancan.

Na huɗu ita ce tambayar da na yi alkawari: ina ruwanmu? Dalar gyaɗar Kano ba a Kano ta ƙare ba. Tun da jirgin ƙasa ya fara jigila tsakanin Kano da Legas a 1912, buhunan nan tashar jiragen ruwa suke nufa, a kan wuyan 'yan dako. Kayan da ke shagunan Maraɗi da Damagaram ta Kwatano da Lome da yawansu suka shigo. Alhazanmu na da, da suka keta Chadi da Sudan a ƙasa, a Suwakin da Port Sudan suka hau ruwa zuwa Jidda. Busasshen kifin da ake shanyawa a Lofoten, inda aka yi faɗan da Berg ya zana, Nijeriya na cikin manyan masu sayensa. Ga namu masuntan, Sarkawan Kabi da Yawuri da masu bandar kifi a Baga, waɗanda suka san koma da gora da fargabar iska a kan ruwa. Mun daɗe muna cin abin da tasha ke kawowa, ganin ta ne ba mu saba ba.

Batu na shida gajere ne: yawancin abin da waɗannan zane suka nuna ya tafi. Hendrik Mesdag ya zana gaɓar Scheveningen ta ƙasar Holan a 1881 a kan ƙyallen da ya kewaye ɗaki, tsayinsa mita 14, kewayensa mita 120, da jiragen masunta jere a kan yashi. Guguwar 1894 ta farfasa da yawansu, aka gina tasha a 1904, wannan salon rayuwa ya ƙare. Tsakiyar Le Havre ta Monet bama-bamai suka share ta a 1944. Sai kwantena ta zo: a 1956 jirgi na farko ya ɗauki guda 58 daga Newark zuwa Houston a Amurka, kuma cikin shekara 25 tashoshin tsakiyar Landan duk sun rufe. Tashar zamani tana bayan katanga, injin ke ɗaga akwati, ba ka ganin abin da ke ciki balle wanda ya yi shi.

Inda aikin bai ɓuya ba tukuna shi ne gaɓar Afirka ta Yamma. A Elmina da Jamestown ta Accra har yanzu ana jan kwale-kwale da hannu, masu fenti kala-kala da rubutu a jiki, mata na jira da kwanoni da wuraren banda, ranar Talata kuma a yawancin gaɓar Ghana ba a fita kamu, kamar dai Lahadin mutanen Newlyn. Ablade Glover, wanda aka haifa a Accra a 1934, yana shafa fenti da wuƙa maimakon buroshi, yana zana kasuwa da tashar mota da bakin teku kamar daga sama. In ka matso kusa ɗigo-ɗigon launi kawai za ka gani, in ka ja baya sai taron jama'a ya fito yana motsi. Ɗalibanmu masu koyon zane da za su je Legas ko Tema, ko ma bakin kogi a Yawuri, ina ba su shawara su kwana biyu suna kallon yadda ake sauke kaya da yadda ake raba kuɗi kafin su buɗe fenti.

Mai girma shugaba, na ci lokaci fiye da yadda aka ɗiba mini.  Wanda yake da tambaya, ko gyara, ko yake ganin akwai sukar da ban amsa da kyau ba, musamman ta farko, bismillah, fili nasa ne.